Mai shirya dokumentari da ke cin gashin kansa: da me yake rayuwa a Kano?

"Assalamu alaikum, Malam. Na kammala karatun aikin jarida a Jami'ar Bayero. Ina zane, kuma ina ɗaukar hoto a gidajen biki, da shi nake samun na kashewa. Burina shi ne in shirya dokumentari a kan tsofaffin matan unguwarmu da suka iya kaɗin auduga, domin saura kaɗan su ƙare. Ba na sha'awar shiga Kannywood, kuma ba na son zaman ofis a gidan talabijin. A gida ana ce mini wannan ba sana'a ba ce. Don Allah yaya rayuwar mai wannan aiki take, daga ina kuɗi yake zuwa, kuma ta ina zan fara?"
Daga wata mai karatu a Gwale

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Idan na fahimce ki daidai, abin da kike son sani shi ne ko mutumin da ba ya ƙarƙashin gidan talabijin, ba ya ƙarƙashin wani kamfani, kuma ba ya shirya fim ɗin soyayya da waƙa, zai iya riƙe kansa da kyamara a garin nan har ya tsufa a cikin sana'ar. Amsata ita ce zai iya, amma da wuya ƙwarai fim ɗin da ya fi so ya zama shi ne yake ciyar da shi. Kusan duk wanda na sani a wannan fanni yana da aiki iri biyu. Akwai wanda yake yi wa mutane su biya shi, akwai kuma wanda yake yi wa kansa da rarar da ya samu daga na farkon. Ƙwarewar da ake buƙata, wadda ba a koyar da ita a aji, ita ce yadda mutum zai hana na farkon cinye na biyun. Mutanen gidanku ba su faɗi ƙarya gaba ɗaya ba. Sana'a a wurinsu ita ce abin da ake fita da safe a dawo da cefane da yamma, dokumentari kuwa ba haka yake biya ba.

Dalilin da ya sa ba shi da rumfa a kasuwa

Yana da kyau ki san tarihin abin da za ki shiga, domin wannan tarihin ne zai tare ki a ƙofar kowane gida. Mutanen Arewa sun fara sanin fim na haƙiƙa, wato dokumentari, ta hanyar majigi ne. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen shirya fina-finansu a 1939, daga baya kuma gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aikin. Mota za ta zo da allo da inji, a kafa a ƙofar fada ko a dandali bayan duhu ya shiga, a nuna tsafta da rigakafi da noman auduga da gyaɗa, mai sharhi yana bayani da Hausa ta lasifika. Dattawa har yau suna tuna fim ɗin majigi na Baban Larai. Bayan majigi sai gidajen talabijin suka gaji aikin, NTA da kuma CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, wadda yanzu ake kira ARTV, kuma kaso mai yawa na shirye-shiryen haƙiƙa da ake yi a irin waɗannan gidaje na bayyana ayyukan gwamnati ne. Daga baya ƙungiyoyin agaji suka shigo da nasu. Saboda haka a tunanin mutum na kan titi, duk wanda ya zo da kyamara yana tambayar yadda yake rayuwa, to wani ne ya aiko shi, kuma an ba shi kuɗi masu yawa. Tambayar farko da za a yi miki ita ce, "Wa ya turo ku?" Ta biyun ita ce, "Mu me za mu samu?"

A ɗaya ɓangaren, masana'antar fim ɗin Hausa da ta faro da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 ta ginu ne a kan labari da jarumai da waƙa. Dillalan Ƙofar Wambai da suka riƙe kasuwar a zamanin kaset da faifai sun san abin da masu saye suke so, kuma ba su da dalilin zuba kuɗi a fim ɗin da babu jarumi a bangonsa. Da satar fasaha da masu tura fim a waya suka durƙusar da waccan kasuwa, masana'antar ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, amma har yanzu fim mai dogon zango ne yake jan kuɗi. Ma'ana dai, babu wani ɗan kasuwa a Kano da zai karɓi dokumentarinki ya ƙirga miki kuɗi a hannu. Wanda ya shiga aikin da wannan tsammani ba ya daɗewa.

Duk da haka, kada ki ɗauka ba a yin sa da Hausa har ya yi nisa. Ki dubi maƙwabtanmu na Nijar. Sani Magori, ɗan garin Galmi wanda asalin karatunsa aikin gona ne, ya shirya fim a 2008 a kan albasar garinsu da yadda aure yake jiran girbinta, kuma fim ɗin ya zaga ƙasashe. Aicha Macky ta Damagaram ta fitar da fim a 2016 a kan rashin haihuwa da halin da mace take shiga a kansa, ta sa rayuwarta ita kanta a ciki, ya kuma ci kyautar dokumentari mafi kyau a gasar fina-finan Afirka ta AMAA ta 2016. A 2021 ta sake fitar da wani a kan matasan unguwar Kara-Kara ta Damagaram. Abin lura a nan shi ne dukansu biyun a gida suka tsaya, cikin mutanensu. Abin da baƙo zai shekara yana nema bai samu ba, wato a sake jiki da shi, su da shi suka fara. Ke ma wannan ne jarinki, kuma ya fi kowace kyamara tsada.

Inda kuɗin yake fitowa

Aikin bikin da kike yi kada ki raina shi. Kamu da ɗaurin aure da walima su ne suka saya wa da yawa daga cikinmu kyamara ta farko, kuma suna koya wa mutum abin da yake buƙata: ɗauka a ɗaki mai duhu, tsayawa a wurin da abu zai faru kafin ya faru, da haƙuri da jama'a. Amfaninsa kuma shi ne ana biya da wuri, sa'annan mai biki ba ya tsoma baki a fim ɗinki na kaɗi.

Sama da shi akwai aikin kwangila, wato ƙungiya mai zaman kanta ko wata hukuma ko kamfani su ce a shirya musu gajeren fim a kan asibitin da suka gyara ko matan da suka koya wa sana'a. A nan kuɗin ya fi kauri, kuma a nan ne haɗarin ya fi yawa. Na farko dai, fim ɗin nasu ne, su za su ce a cire wannan a ƙara wancan, kuma haƙƙinsu ne tunda su suka biya. Na biyu, biyan yakan yi jinkiri. Akwai wata ƙungiya da na yi wa aiki, na biya mai ɗaukar sauti da direba daga aljihuna, ragowar kuɗin bai fito ba sai da damina ta wuce, kullum amsar ita ce takarda tana kan teburin wani. Shi ya sa ƙa'idata ita ce a rubuta yarjejeniya, a ba da kafin alƙalami mai tsoka kafin a kunna kyamara, kuma a ƙayyade sau nawa za a dawo da aiki don gyara. Haɗari na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin ba a ganin shigarsa. Irin wannan fim yana da fasali guda: a nuna matsala, a nuna mai taimako, a ƙare da wata baiwar Allah tana godiya. Wanda ya yi shi shekara da shekaru sai hannunsa ya saba, ranar da ya zo yin nasa sai ya ga yana neman wadda za ta yi godiya, alhali babu wanda ya taimaki kowa.

Akwai kuma rakiyar 'yan jaridar ƙasashen waje da manyan kafofi, inda za ki nemo musu mutane, ki yi tafinta, ki shirya musu wurare, wani lokaci ki ɗaukar musu hoto. Yana biya, yana kuma koyar da tsari. Irin waɗannan kafofi suna da ƙarfin da ɗaiɗaikun mutane ba su da shi. A 2018 sashen bincike na BBC ya fitar da shiri a kan shan maganin tari mai kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, kuma cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin da shigo da shi. Sai dai ki tuna cewa baƙi za su hau jirgi su tafi, ke ce za ki ci gaba da haɗuwa da mutanen a gidan suna da gidan gaisuwa. Duk aikin da ba za ki iya kare shi a gaban waɗanda aka ɗauka ba, ki bar shi komai kuɗinsa.

Tallafi daga cibiyoyin fim shi ne kuɗin da ya fi kusa da 'yanci, domin ana bayar da shi ne don fim ɗin da ke kika zaɓa. Akwai asusun IDFA Bertha da ke da alaƙa da bikin baje kolin dokumentari na Amstadam, akwai asusun Hot Docs-Blue Ice na Kanada wanda aka keɓe wa masu shirya fim na Afirka, akwai kuma kasuwar fim ta Durban a Afirka ta Kudu inda ake gabatar da shiri a gaban masu zuba kuɗi. Abin da suke nema kusan iri ɗaya ne: bayanin fim a rubuce da Turanci ko Faransanci, kasafin kuɗi dalla-dalla, ɗan samfurin abin da aka riga aka ɗauka, da shaidar aikin da mutum ya yi a baya. Yawanci ana son kamfani mai rajista, don haka rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da buɗe asusun banki na kamfani abu ne da ya kamata ki yi tun da wuri. Masu nema suna da yawa matuƙa, kuma a ƙi mutum sau da dama shi ne abin da aka saba. Ra'ayina a kan wannan hanya shi ne tana da kyau, amma tana da nata karkata. Idan aka ce Arewacin Nijeriya, kunnen duniya ya saba da jin almajirai da Boko Haram da auren wuri, kuma matashi mai wayo yakan gane da sauri cewa takardarsa ta fi karɓuwa idan ya tura labarinsa ta can. Waɗannan matsaloli gaskiya ne, kuma sun cancanci a yi fim a kansu. Amma idan labarinki na tsohuwa ce da mazarinta, kada ki mayar da ita abar tausayi don a ba ki kuɗi.

YouTube kuwa, ki ɗauke shi wurin da za a gan ki, ba wurin da za a biya ki ba. Kafin a fara raba kuɗin talla da mai tasha a kan dogayen bidiyo, ana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, kuma abin da talla ke biya a kan mai kallo daga Nijeriya bai kai na mai kallo daga Amurka ko Ingila ba. Mai sakin bidiyo kowane mako zai iya tara wani abu. Mai fitar da fim ɗaya a shekara ba zai iya ba.

Yadda aikin yake a cikin gida

Yanzu bari mu zo kan kaɗi. Kina da abin da ni ba ni da shi, wato shiga gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaurensa. Rabin rayuwar birnin nan a bayan wannan zaure take gudana, kuma kyamarar maza ba ta cika wuce shi ba. Amma shigar ma tana da matakai. Ki fara da maigida ko babban ɗa, ki sanar da mai unguwa idan za ki fito da kyamara waje, kuma ki je sau da yawa ba tare da kyamara ba kafin ranar da za ki zo da kayan aiki.

Na taɓa aiki da wata tsohuwa a cikin birni, ta hannun jikarta, a zaure aka shimfiɗa mata tabarma saboda ni. Da muka zaunar da ita muka ce ta ba mu tarihin kaɗi, sai ta gyara mayafi, ta ce sana'a ce ta iyaye da kakanni, Allah ya sa gwamnati ta taimaka. Iyakar abin da muka samu ke nan. Da jikar ta ɗauko taskira ta ajiye a gabanta, sai hannu ya karɓi aikin. Ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazari ya kama juyi a cikin 'yar tasa, hannun hagu ya ɗaga shiɓaɓɓiyar auduga sama a hankali, zare yana fitowa siriri ba ya tsinkewa. Tana cikin haka, ba tare da ta dube mu ba, ta fara faɗa wa jikar bambancin abawa da arafiya, da yadda da kuɗin zare ta sayi kwanonin auren 'yarta ta fari, da sunan dillaliyar da take kai mata kasuwa, da shekarar da zaren masaƙa ya karya farashi. Babu tambaya ɗaya da na yi. Darasin da ke nan shi ne mai sana'a da hannu yake tunawa, saboda haka ki ba shi aikinsa ki yi shiru, kada kuma ki kashe kyamara da zarar ya ce ya gama, domin sau da yawa bayan nan ne maganar take fitowa.

Wannan ya kai mu ga kayan aiki. Matasa suna zuba duk abin da suka tara a kyamara, su manta da sauti. Mai kallo zai jure hoton da bai fita sosai ba, amma ba zai jure muryar da ba ya ji ba, kuma a Kano kina fama da janareton maƙwabta, da injin markaɗe, da hon ɗin adaidaita sahu, da lasifikar mai tallar magani. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, da na'urar naɗar sauti ta daban, da abin sawa a kunne don ki ji abin da ke shiga, sun fi sabon gilashin kyamara amfani. Ƙarar juyin mazari a cikin tasa siririya ce, in ba ki kusantar da makirufo ba ta ɓace, alhali ita ce kiɗan fim ɗin. Ki zaɓi hantsi ko bayan la'asar, ki zaunar da ita kusa da ƙofar ɗaki inda haske yake shigowa ta gefe. Lokacin hunturu kuma ki guji sauya gilashi a fili saboda ƙura. Duk abin da kika ɗauka ki kwafe shi a faifan ajiya biyu ko uku a daren, ɗaya ya kwana a wani gida daban. Tacewa da haɗa hoto sun fi ɗauka cin lokaci nesa ba kusa ba, don haka ki lissafa kuɗin wuta ko na sola a kasafinki, da kuɗin wanda zai rubuta fassara a ƙasan allo idan kina son fim ɗin ya fita waje.

Maganar izini ba ƙarama ba ce. Takardar Turanci da za a dangwala wa tsohuwa yatsa a kai ba izini ba ne. Ki yi mata bayani da Hausa, kyamara tana ɗauka, cewa za a nuna wannan hoto a waya, surukinta da ke Legas zai iya gani, kuma idan ya shiga intanet ba ya dawowa. Ki tambaye ta abin da ba ta so a nuna. Idan kin gama haɗawa, su ne za su fara gani kafin kowa. Game da kuɗi, masu wannan sana'a sun rabu biyu, wasu suna ganin biya yana ɓata gaskiyar magana. Ni matsayina shi ne ba na sayen magana, amma ina biyan lokacin da na hana mutum aikinsa, ina sayen abin da ya sana'anta a farashin da ya faɗa ba tare da tayi ba, kuma ba na shiga gidan dattijuwa babu goro ko sabulu. Abin da ba na yi shi ne alkawarin cewa fim zai kawo taimako daga gwamnati ko daga Turawa, domin wannan alkawari ne yake ɓata wa na baya hanya.

Hukuma da haƙƙin mallaka

A Jihar Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, a matakin tarayya kuma akwai hukumar tace fina-finai ta ƙasa da dokarta ta fito a 1993. Idan za ki nuna fim ga jama'a ko ki sayar da shi a jihar nan, ki je ofishinsu da ƙafarki ki ji sharuɗɗan da ake aiki da su a lokacin, domin sukan sauya daga shugabanci zuwa shugabanci. Fim ɗin kaɗi da wuya ya tayar da ƙura, amma idan wata rana kika koma kan siyasa ko dukiyar jama'a, ki san cewa ƙofa takan rufe. Fim ɗin da Ishaya Bako ya shirya a 2012 a kan badaƙalar tallafin man fetur, hukumar ta ƙasa ta hana nuna shi, sai a intanet mutane suka kalle shi. Tashi da jirgi maras matuƙi yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na jami'an tsaro, ɗauka a fada ko lokacin hawan Sallah kuma yana da nasa masu ba da izini.

Abin da ya fi muhimmanci ga tsufanki shi ne mallaka. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, amma a aikace abin da kika sa wa hannu shi ne zai yi hukunci. Idan tasha ko kamfani suka nemi fim ɗinki, ki ba su lasisin nunawa na ƙayyadadden lokaci a ƙayyadaddun ƙasashe, kada ki sayar da shi ɗungurungum. A aikin kwangila ma ki nemi a rubuta wanda ya mallaki ɗanyen hoton da ba a yi amfani da shi ba. Dalili shi ne hoton haƙiƙa darajarsa ƙaruwa take yi da shekaru. Wanda yake da hoto mai motsi na dalar gyaɗa a yau, ko na Ƙofar Na'isa ta asali kafin a rushe ta a 2010, yana riƙe da abin da ba za a iya sake ɗauka ba. Haka nan ki kiyayi ɗora waƙar wani a kan fim ɗinki ba da izini ba, ko da ta marigayi ce, domin magada suna nan, kuma bikin baje koli na kirki zai nemi shaida. Ni ba lauya ba ne, iyakata a nan ita ce in gaya miki inda ramukan suke. Yarjejeniya mai nauyi ki kai wa lauyan da ya san harkar fasaha ya karanta.

Zanenki ba abin ajiyewa ba ne

Kin ce kina zane, kuma wannan ya buɗe miki wata ƙofa. Akwai abubuwan da kyamara ba za ta kai gare su ba: kasuwar zare ta shekaru sittin da suka wuce, ko fuskar matar da ta yarda a ji muryarta amma ba ta yarda a gan ta ba. Zane yana cike wannan gurbi ba tare da ya yaudari mai kallo ba, tunda kowa ya san zane ne. Sa'annan aiki ɗaya zai iya fita ta fuska da yawa, wato fim, da jerin hotuna, da baje koli inda za a rataye zaren kansa kusa da allo. Duniyar zane da hoto tana da nata tarukan da nata tallafi, kamar taron masu hoto na Bamako da aka fara a 1994 da LagosPhoto da aka fara a 2010. Fati Abubakar ta Maiduguri da hotunan rayuwar yau da kullum ta Borno duniya ta san ta. Sai dai masu sayen irin wannan aiki sun fi yawa a Legas da Abuja, a Kano kuwa abin da za ki fi samu shi ne wurin nunawa da masu kallo, a jami'a, ko a Gidan Makama, ko a Gidan Ɗan Hausa, idan kika nemi izinin masu kula da su.

Abin da za ki faɗa a gida, da abin da za ki fara

Rayuwar mai wannan aiki ba ta da albashi, ba ta da ƙarin girma, ba ta da fansho. Wata uku a jere aiki zai yi yawa har ki rasa barci, wata uku kuma waya ba za ta yi ƙara ba. Dogon fim ɗaya yakan ci shekaru daga tunani zuwa nunawa, saboda haka wanda ya ƙare rayuwarsa da fina-finai ƙalilan masu kyau bai yi asara ba. Da yawa suna haɗawa da koyarwa ko horar da matasa idan shekaru suka ja. Wannan abin da na gani ne a tsakanin waɗanda na yi aiki da su a nan, wani zai iya ba ki labarin da ya fi nawa daɗi ko ɗaci.

Iyaye ba jayayya take gamsar da su ba. Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ki nuna wa mahaifinki bayan wata shida, ki kuma ware wani kaso tsayayye daga kowane aikin biki ki ajiye shi da sunan fim. Ki gaya musu gidajen da za ki shiga da lokacin dawowarki, in da hali ki tafi da ƙane ko ƙanwa ya riƙe miki makirufo. Idan maganar aure ta taso, a yi batun aikin a fili tun kafin a sa rana, har da tafiye-tafiyen da zai iya jawowa.

Fim ɗinki na farko kada ya wuce minti goma zuwa sha biyar, mace ɗaya, gida ɗaya, da kayan da kike da su yanzu. Shi ne zai zama shaidarki a duk takardar neman tallafi da za ki rubuta nan gaba. Idan ya kammala, bayan mutanen gidan sun gani sun yarda, ki aika shi bikin iREP na Legas wanda dokumentari ne zalla tun 2010, da bikin Zuma na Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, da KILAF da ake yi a nan Kano don fina-finan harsunan Afirka, da FESPACO na Wagadugu da ake yi duk bayan shekara biyu. Ki karanta sharuɗɗan kowannensu kafin ki ɗora fim ɗin a YouTube, domin akwai bukukuwan da ba sa karɓar abin da ya riga ya fita a intanet.